Fara Ba Ta Ji

Ƙarar fashewar ta sauko har cikin shago. Mai Rediyo ya yar da sukudireba, ya haura bene a guje da takalmi ƙafa ɗaya. A falo ya tarar da fulas ɗin ruwan zafi a ƙasa ya yi kaca-kaca, ruwa na tururi yana malala, ya tsaya dab da tabarmar da jaririnsu ke kwanciya. Matarsa ta riga ta sure yaron. Yaro na tsala ihu, uwa na tsala nata.

Fara kuwa, farar magen gidan, tana zaune a gefen tebur, daidai inda fulas ɗin yake ɗazu. Ta leƙo da kai tana kallon ɓarnar da shuɗɗan idanunta, ƙafa ɗaya a ɗage, kamar mai jiran a miƙo mata wani ta sake turawa.

"Ka gani ko, Malam? Ka ga aikin 'yar lelen taka?" in ji matar. "Ina ce mata ke, ke, ina daka mata tsawa, ko waiwayowa ba ta yi ba. Abu ya fashe, ni na zabura, yaro ya zabura, ita ko gezau. Magen nan ba ta ji! Na faɗa, na ƙara faɗa, ba ta ji!"

"Yi haƙuri, Gimbiya."

"Kada ka Gimbiyance ni. Yau ruwan ya tsaya. Gobe fa?"

Ya ɗauko tsintsiya da tsumma ya durƙusa.

A cikin akwatin wata tsohuwar lasifika da aka kawo gyara ya tsinci Fara, tana 'yar mitsitsiya, ta yi baƙi ƙirin da ƙura. Da aka wanke ta sai ga ta fara sol. Tun lokacin take bin sa, shago da gida. Amma laifinta a wurin Gimbiya ya taru ya yi yawa. In an kira ta ba ta zuwa. In an kore ta ba ta tafiya. Duk abin da aka ajiye a gefen tebur sai ta tura shi ƙasa. Wata rana Gimbiya ta shafa bayanta tana barci, ta zabura ta kai mata yakushi a hannu. Ga kuka. Magen mutane takan yi 'yar miyau a hankali, Fara kuwa in ta buɗe baki sai ka ce ana yanka akuya, kuma ba ta tashi yi sai an lallaɓa Yallaɓai ya yi barcin rana an ja ƙofa. Yallaɓai shi ne jaririn. Sun sa masa haka ne don tun da ya zo kowa a gidan umarninsa yake bi.

Da yamma ƙanen Gimbiya ya biyo, direban babbar mota ne, ya zauna yana shan shayi yana sauraron ƙara.

"Wannan ai mai sauƙi ne, Yaya," ya ce. "Ranar Asabar ina da lodi. A sa ta a kwali, in na yi nisa in sauke ta a bakin wata kasuwa. Ɓeraye sun ishe ta." Ya juyo wajen Mai Rediyo yana dariya. "Ko Injiniya zai yi kuka? In zo maka da hankici?"

"Ka zo da na goge bakinka," in ji Mai Rediyo.

Amma Gimbiya ba ta yi dariya ba. "Asabar," ta ce. Shi ke nan magana ta ƙare.

Washegari a shago aiki ya ƙi tafiya. Ya buɗe bayan wata rediyo, ya rufe, ya sake buɗewa. Ba zancen kwalin ne kaɗai ke cin sa ba. Kalma ɗaya ce ta maƙale masa kamar ƙaya a haƙori: ko gezau. Shi da ke ƙasa, bene guda tsakani, sai da ya yar da abin hannunsa. Mage kuwa, wadda ko leda ta yi motsi takan yi tsalle, tana zaune a kan abin, ta kasa ko ƙifta ido? Taurin kai yana hana mutum zuwa in an kira shi, amma bai taɓa ganin taurin kan da ke hana zabura ba.

Shi mai gyara ne. In rediyo ta ƙi magana ba ya ce mata 'yar banza, bin waya yake yi har ya ga inda ta tsinke. Sai ya ajiye aiki ya zuba wa Fara ido.

Tana kwance a wurin da ta fi so, saman babbar lasifikar da yake gwada kaya da ita. Ya kunna kiɗa, ya ƙure murya har gwangwanayen ƙusa suka fara rawa a kan kanta. Baƙar magen mai shagon da ke kusa, wadda ke shan hantsi a bakin ƙofa, ta fyalla a guje. Fara ta miƙe ƙafafu, ta manna ciki da katakon, ta lumshe ido.

"Injiniya, za ka rushe mana gini!" mai shagon kusa ya ɗago murya daga waje. "Ko magen ce ta ce a ƙara mata?"

Da can abin alfaharinsa ke nan. Yakan ce wa masu kawo gyara magensa ta san kiɗa. Yau sai ya rage muryar ya tsaya yana kallon kunnuwanta. Baƙar magen ta dawo ta kwanta, ya dube ta ita ma. Idonta a rufe, amma kunnuwan ba su huta ba. Babur ya wuce, ɗaya ya juya. Wata mata ta yi tari a tsallaken titi, ɗayan ya bi ta. Kamar eriya biyu da ke neman tasha. Na Fara kuwa suna tsaye cak, kyawawa, sabbi fil, kamar ba a taɓa amfani da su ba.

Ya ƙudura sai ya gwada ta.

Ya bari ta sauko kan bencin aiki ta ba shi baya tana lasar ƙafa. Ya zagaya a hankali ya kaɗa makullai. Shiru. Ya yi mata mus-mus. Shiru. Ya matso dab da keyarta ya tafa hannu da ƙarfi. Ta juyo firgigit.

"Af," ya ce. "Ashe kina ji."

Ya koma ya zauna, ya rasa ko murna zai yi ko haushi. In tana ji, to Gimbiya ce da gaskiya, iskanci ne kawai. Don ya tabbatar, ya saki sifana a kan benci. Ta juyo. Ya kira ta yadda ya saba, "Fara, zo nan," yana ƙwanƙwasa bencin da gindin sukudireba. Ta taso da wutsiya a sama ta goga masa kai a hannu.

Ya shafa ta, ya dubi sukudireban, ya dubi bencin. Ya daɗe yana kallon su.

Sai ya tashi. Ya ɗauko wata 'yar rediyo mai batir, ya ɗaura mata zare, ya rataye ta a ƙusar rufi, ta sauko tana lilo a bayan Fara, ba ta taɓa benci ba, ba ta taɓa bango ba. Ya murɗa ta har ƙarshe. Mai karanta labarai ya cika shagon da ihu. Fara ta ci gaba da wanke fuska. Ya kashe rediyon, ya sa ɗan yatsa ɗaya ya taɓa ƙarshen bencin, tak, abin da shi kansa da ƙyar ya ji. Ta ɗago kai nan take.

Da ya tafa ɗazu, iskar tafin ce ta kaɗa mata gashi. Sifana kuwa katakon ya girgiza a ƙarƙashinta. Da tafin ƙafa take ji. Kiɗan da yake cewa ta sani, rawar akwatin ce ke mata daɗi a ciki. Kiran da take amsa masa shi kaɗai, wanda yake yi wa Gimbiya gori da shi yana cewa mage ta san mai ƙaunarta, ashe ba muryarsa ba ce, gindin sukudireba ne. Wannan ya ɗan sosa masa rai.

Bai yarda da kansa ba sai da ya sa ta a jaka ya kai ta wurin likitar dabbobi. Likitar ta leƙa kunnuwan da 'yar fitila, ta yi nata gwaje-gwajen, ta ce babu ciwo, babu datti. Ta ce fararen maguna masu shuɗin ido da yawa haka ake haihuwar su.

"To me za a canza?" ya tambaya.

"A canza?"

"Ina nufin, abin da ya lalace. A ciki."

Likitar ta yi murmushi. "Malam, ba lalacewa ya yi ba, ba a sa shi ba ne tun farko. Ita ba ta san ta rasa komai ba. Kada dai a bar ta ta fita titi, kada kuma a taɓa ta tana barci ba ta ga mutum ba."

Ya dawo gida da jaka a kafaɗa, yana jin wani iri. Bai saba a ce masa abu ba ya gyaruwa ba.

Ya tarar da Gimbiya tana ninke kayan Yallaɓai, Direba kuma ya zo da kwalin tun kafin ranar, har ya huda masa ƙofofin shan iska.

"Gimbiya," ya ce, yana haki, "Fara ba ta ji."

"Sannu da ƙoƙari. Sai yau ka sani?"

"A'a. Ba ta ji nake ce miki."

"Ni ma abin da nake faɗa ke nan tun tana ƙarama."

"Ba wannan ba jin ba! Ɗaya ba jin!"

Direba ya ajiye kofi. "Yaya, hayaƙin dalma ya fara taɓa mijinki."

"Kurma ce," in ji Mai Rediyo. "Kurma. Kunnen ba ya aiki."

Ya fito da Fara daga jaka ya ajiye ta a tsakar ɗaki, ta juya musu baya tana kallon labule yana motsi. Ya miƙa wa Gimbiya murfin tukunya da ludayi. Ta dube shi, ta dubi magen, ta ja da baya ta buga. Yallaɓai ya fashe da kuka daga ɗaki. Direba ya toshe kunne. Fara ta kai wa labule cafka.

Gimbiya ta tsaya da murfi a hannu. Da ta buɗe baki, ba abin da ya zata ne ya fito ba.

"Kana nufin duk zagin da na yi mata a banza ya tafi?"

"Ko ɗaya bai shiga ba."

"Har wanda na haɗa da kakanninta?"

"Bakinki kawai take gani yana motsi. Ina jin ta ɗauka hira kike mata. Shi ya sa take zama tana kallon ki."

Direba ya kwashe da dariya har da buga cinya. Da ya lafa sai ya dubi kwalin, fuskarsa ta canza. "Kai. In haka ne bakin kasuwa ba zai yiwu ba. Mu a hanya hon muke danna wa dabba ta kauce. Wadda ba ta jin hon, ai ba za ta kai yamma ba."

Mai Rediyo ya ji sanyi a ransa, ya ɗauka an gama. Gimbiya ta shiga ɗaki ta ɗauko Yallaɓai, ta fito tana jijjiga shi.

"Na ji tausayinta, Allah ya sani," ta ce. "Amma ka ƙara tsorata ni ne, Malam. Da ina cewa wata rana za ta ji tsawa ta bari. Yanzu ka ce ko na fasa maƙogwaro ba za ta san ina yi ba. In na hango ta za ta turo wani abu a kan yaron nan, ni ina bakin ƙofa, da me zan tsayar da ita? Kurma ko ba kurma ba, ruwan zafi ruwan zafi ne. In ba titi ba, a nemi wani gidan. Asabar tana nan."

Gaskiya ta faɗa, ya kuma san gaskiya ce.

Kwanakin da suka rage bai yi gyaran kirki ba. Ya kafa ƙaramar kanta a sama can ya mayar da sabon fulas da duk wani abin fashewa. Ya sa wa ƙofar shago raga don kada Fara ta fita titi. Ya lura ba ta tura abu sai ta gaji da zama, sai ya ɗaure tsumma a bakin wata doguwar waya, kullum kafin barcin Yallaɓai ya yi ta ja mata tana fako, tana tsalle, tana kamawa da ƙafa huɗu, har sai ta zube tana haki, sannan ya ba ta abinci. Mage in ta yi farauta ta ci, sai wanka sai barci. Ya koya mata in ya buga tebur sau biyu ta dube shi, in ya nuna ƙasa da yatsa ta sauka ta karɓi ɗan kifi. Wani lokaci ta sauka. Wani lokaci ta yi hamma.

Gimbiya tana ganin duk wannan, ta ci gaba da harkokinta.

Kukan ne ya gagare shi. Ya duba abinci, ya duba ruwa, ya canza yashin da take bayan gida a ciki. Duk da haka, da an ja ƙofar ɗaki da rana sai ta tsaya a tsakiyar falo ta ɓare baki. Yana ƙasa yana jin ta, yana jin Yallaɓai ya amsa, yana jin Asabar tana matsowa.

Ana gobe Asabar, da rana, yana liƙa wata waya sai ya ji an fara. Kuka ɗaya, na biyu, sai shiru. Shirun ya yi tsawo har ya ba shi tsoro. Ya haura a hankali.

Ƙofar ɗaki a buɗe take kaɗan, an tokare ta da takalmi, faɗin tafin hannu. Fara na kwance a bakin ƙofar daga waje, ta tanƙwashe ƙafafu a ƙarƙashin ƙirji, idonta a kan gado. Gimbiya na kishingiɗe kusa da Yallaɓai, ta sako hannu ɗaya yana lilo inda magen za ta gan shi.

"Shhh," ta ce masa. Sannan a hankali, "Ni in ina kicin, ina jin motsinka a ƙasa, na san kana nan. Yallaɓai ma in ya ji muryata sai ya yi shiru. Ita fa? In an rufe ƙofa, a wurinta kowa ya ɓace daga duniya. Neman mu take yi. Kuma ba ta san ƙarfin muryarta ba, tunda ba ta taɓa jin ta ba."

Shi da ya yi kwanaki yana gwaji da zare da sifana, wannan bai zo masa ba.

"To Asabar fa?" ya ce.

"Ban ce komai ba tukuna. Rufe mini baki kada ka tashe shi."

Ranar Asabar da hantsi Direba ya zo, ya ce ya samo wani mai gidan burodi da ke son mage, gida mai katanga, ba mota. Ya ajiye kwalin a tsakar falo ya buɗe. Suka tsaya su uku a kansa. Yallaɓai na kan tabarma yana wasa da ƙafarsa.

Fara ta yi tsalle ta hau tebur. A gefen teburin akwai kofin roba da Direba ya sha ruwa ya bari da saura, kuma tabarmar na ƙasa daidai wurin. Ta zauna kusa da shi. Ta ɗaga ƙafa.

Mai Rediyo ya yunƙura, Gimbiya ta riƙe masa riga. Ta buɗe baki za ta yi tsawa, ta rufe. Ta miƙa hannu ta buga ƙarshen teburin sau biyu.

Fara ta tsaya da ƙafa a sama. Ta juyo ta dube ta ido cikin ido.

Gimbiya ta sa ƙafa ta janye tabarmar da Yallaɓai a kai zuwa gefe, ba ta ɗauke ido daga magen ba. Sannan ta nuna ƙasa da yatsa, fuska a murtuke.

Fara ta dubi yatsan. Ta dubi kofin. Ta sake duban Gimbiya, ta lumshe mata ido a hankali, irin lumshewar da mage ke yi wa wanda ta yarda da shi. Sai ta sa ƙafa ta tura kofin, a nutse, yana tafiya kaɗan-kaɗan har ya faɗo ya fantsama a kan siminti. Daga nan ta diro ƙasa yadda aka umarce ta, ta zo gaban Gimbiya ta zauna tana jiran kifinta.

"Kun gani?" Gimbiya ta nuna ta, dariya na neman ƙwace mata. "Kun gani da idonku? Wannan karon ta ji sarai! Ta tsaya, ta kalle ni, ta gane. Wannan shi ne rashin jin da nake faɗa!"

"To yanzu wanne ne?" in ji Direba. "Ba ta ji, ko ba ta ji?"

"Duka biyun," in ji Mai Rediyo.

"Amma ta tsaya," Gimbiya ta ce, ta sunkuya ta ɗauki Yallaɓai. "Ta tsaya har na janye shi. Abin da nake nema ke nan. Sauran kuma, a gidan nan ba ita kaɗai ba ce ake yi wa magana tana yin abin da ta ga dama." Ta harari mijinta. "Ɗauko tsumma."

"In tafi da kwalina ke nan, Yaya?"

Suka juya. Fara ta gaji da jiran kifi, ta shige cikin kwalin, ta zagaya ta kwanta, ido ɗaya na leƙen su ta ƙofar shan iska.

"Bar mata," in ji Gimbiya. "Ka matsar da shi bakin ƙofar ɗaki, inda za ta riƙa ganin gado."